Babu Lodi a Bayanka

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tankar mai, bai taɓa goge ko madubin wani ba. Ranar da kamfani ya yi masa ritaya suka ba shi takardar yabo a cikin gilashi. Ya kawo ta gida ya jingine ta a bayan kujera, shi kuma ya zauna a kan kujerar. Wata tara yana zaune. Lafiyarsa ƙalau, likita ya duba shi har sau biyu ya ce ko ni ban kai shi lafiya ba. Yayana ya kawo masa mukullin motarsa ya ce ya riƙa ɗan zagayawa, ya dubi mukullin ya ce, "Ni na gama tuƙi." In abokansa suka zo sai ya ce a ce musu yana barci, alhali duk gidan muna jin sa yana murɗa rediyo.

Ni kuwa ban iya ganin abu yana lalacewa in kawar da kai ba, kuma a wurinsa na gaji wannan halin, don haka kada ya ga laifina. Aikina jagorancin masu yawon buɗe ido ne. Muna da wasu ƙananan motoci na shiga daji, ba ƙofa ba gilashi, ƙarafa ne kawai aka haɗa kamar keji aka ɗora a kan manyan tayoyi huɗu, da kujera biyu a ciki. Baƙi suna ce musu bagi, mu a gareji kwarangwal muke cewa. Kowane baƙo shi ke tuƙa tasa. Ni ina gaba ina nuna hanya, makanikenmu Dogo yana rufe baya. Mu ratsa ta kwazazzabo, mu tsaya inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, mu ƙare a saman wani ƙaton tudun rairayi. Tafiyar awa huɗu ce.

Wata biyu na yi ina yi masa naci ya bi ni. Ranar da ya gaji, ya rage muryar rediyo ya ce, "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. "Na ba ki yini ɗaya. In mun dawo, daga ke har uwarki kada wanda ya ƙara yi mini maganar fita. Kin yarda?"

Na ce na yarda, tun bai rufe baki ba. Da na fito na tarar da Umma a bakin kicin, ta riƙe ludayi tana kallona.

"Kin ɗaure mu da bakinki," ta ce. "Kin san ubanki, in ya faɗi magana ya faɗa. In ya dawo ya koma kan kujerar nan, a kanta zai ƙarasa, mu kuma ba mu da bakin magana."

Na san gaskiya ta faɗa, tsoro ya kama ni, amma aikin gama ya riga ya gama.

Da safe muka isa gareji. Baba ya zagaya motar da aka ware masa sau biyu, hannuwansa a baya. Ya ɗauki sufana a kan teburin Dogo ba tare da ya tambaya ba, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bubbugawa yana saurare.

"Wa ya sace iskar tayoyin nan?"

"Da gangan muke ragewa, Baba," in ji Dogo, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa. "Rairayi ba ya son taya mai tauri, nutsewa take yi."

Baba ya leƙa ƙasan sitiyari. "Ina kulocin?"

"Babu."

"Giya nawa?"

"Gaba da baya."

"To ashe keken yara ne," ya ce, ya ajiye sufanan.

Baƙinmu na ranar uku ne. Akwai ango da amarya, waɗanda ba su ga kowa ba sai junansu da wayarsu. Sai wata tsohuwar malamar makaranta da ta zo ita kaɗai, ta ce 'ya'yanta sun hana ta zuwa, shi ya sa ta zo. Na jera su na karanta musu dokokinmu: a bar tazara, kowa ya ɗaura bel ya sa hular kwano, in ka daina ganin na bayanka ka tsaya. Sai babbar dokar, wadda nake maimaitawa sau uku kullum: in mun fara hawan tudun rairayi, kada ka ɗaga ƙafarka daga totur sai ka kai ƙoli. Baba yana tsaye a ƙarshen layi yana saurarena kamar wanda ake koya wa yadda ake tauna abinci.

Muka tashi mota biyar. Ni, sai ango da amarya a mota ɗaya, sai Malama, sai Baba, sai Dogo.

Kwazazzabon nan na ratsa shi ya fi sau ɗari biyar, amma har yau in na shiga sai na sassauta. Bangayen dutsen jajaye ne da ratsin fari, sun yi tsawon gida mai hawa goma, sama ta koma siririya a tsakaninsu. A wasu wuraren har sai ka ji sanyin dutse a kafaɗarka. Ina jin Malama a bayana tana ta magana ita kaɗai. Sai na duba madubi na ga tazarar da ke tsakaninta da Baba ta isa a kafa kasuwa. Oba-oba, rediyon magana da ke cikin kowace mota, ta yi ƙara, muryar Dogo ta fito.

"Jagora, tsohon naki fa tafiya yake yi kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Kuma duk kwanar da za mu sha sai ya miƙa hannu ya ba da sigina. Ban san wa yake ba wa ba, ƙadangaru ne kawai a nan."

Na ce ya kama bakinsa. Sau huɗu muna tsayawa jiran su kafin mu fita daga kwazazzabon.

A wurin ruwa kowa ya sauka. Ana ajiye motoci ne a wani fili, a gangara da ƙafa minti biyar, sai ga ruwan yana faɗowa daga can sama cikin wani kwarmi mai duhun kore, feshinsa yana jiƙa mutum tun daga nesa. Na cire hulata na je wurin Baba. Yana zaune, bel a ɗaure, hannu a kan sitiyari.

"Baba, mu je."

"Direba ba ya barin motarsa."

"Wa zai taɓa ta a nan? Mukullin ma ka taho da shi."

"Je ki yi aikinki, Uwata."

Na tafi ina cin magani. Da muka dawo Malama ta jiƙe sharkaf tana dariya, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, yau ka cuci idonka." Ya ce ai ya ji ƙarar ruwan daga nan, ya isa. Na tarar ya zagaye duk motocin biyar ya duba tayoyinsu, har ya gano wani noti da ya saki a ta ango. Na tambaye shi, to a kwazazzabon fa, me ya gani?

"Akwai ramuka biyu ta hagu," ya ce, "da wani dutse mai kaifi bayan kwana ta uku. Ku sa a kawar da shi, zai yanka muku taya."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na kawo mutumin nan wurin da mutane ke tahowa daga nesa don su gani, shi kuwa bai ga komai ba sai taku biyar na gabansa da madubi. Rabin yinin da ya ba ni ya tafi.

Tudun rairayin shi ne ƙarshen tafiya. Daga ƙasa ba ya ba da tsoro sai ka fara hawa. Na tara su a gindinsa na sake faɗin dokar, ina kallon Baba. Na hau na farko, na ajiye motata a ƙoli na ba da hannu. Ango ya taso amarya tana ƙanƙame da ƙarfe, suka iso. Malama ta taso kamar an koro ta, ta iso tana haki tana cewa a bar ta ta sake. Sai Baba.

Ya taso da kyau, ba gargada, layinsa ya fi na kowa miƙewa. Ya ci kashi biyu cikin uku na tudun. Sai na ji kukan injin ya sauka. Motar ta yi jinkiri, tayoyin baya suka tona, ta tsaya cak. Na danna oba-oba na ce ya sa ribas ya gangara, ya sake, kuma kada ya ɗaga ƙafa. Ya gangara ya sake tasowa. A daidai wurin dai injin ya sake sauka. Karo na uku ya ƙi ja da baya, ya yi ta danna totur bayan ta riga ta tsaya, motar ta haƙa wa kanta rami ta zauna a kan cikinta.

Na waiwaya na ga ango ya ɗaga waya yana ɗauka. Na ce masa in yana so ya koma gida da wayar nan ya mayar da ita aljihu. Sannan na gangara da ƙafa, rairayi yana cika mini takalmi, raina kuma ya riga ya cika.

Kafin in isa Dogo ya tone ta da shebur, sun gangarar da ita ƙasa. Baba ya fito ya cire hular ya ajiye a kan kujera. Bai dube ni ba.

"Dogo, ka kai musu abarsu. Ni zan jira a nan."

"Baba, sau uku ina cewa kada ka ɗaga ƙafa. Sau uku. Malama da ba ta taɓa tuƙa ko amalanke ba ta hau."

"Ke za ki koya mini tuƙi?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma ita ce muryar da tun ina yarinya nake tsoro. "Sannu ba ta hana zuwa."

"A kwalta ke nan. A rairayi hanawa take yi."

"To ta hana. Dama na gaya muku na gama, ku ne ba ku ji."

Ya juya mini baya. Na ga wuyansa ya rame, abin da ban lura da shi ba a gida. Na san idan muka koma a haka, na kai shi ne kawai ya tabbatar wa kansa abin da yake faɗa wata tara, kuma a gaban baƙi. Da na bar shi a kan kujerarsa da ya fi.

Dogo ya soke shebur a rairayi ya share gumi. "Jagora, ni da nake baya na ga wani abu. A wuri ɗaya yake ɗagawa duk sau ukun. Kuma in ya ɗaga sai ya manne bayansa da kujera ya ƙanƙance kafaɗa, kamar mai jiran a kai masa duka."

Na matsa kusa. Wannan karon a hankali na yi magana. "Baba, me kake jira?"

Ya ɗaga kai ya dubi tudun.

"Man da ke cikin tanka," ya ce. "In kana hawan tudu da lodi, duk man yana komawa baya. In ka kusa kai wa sama dole ka sassauta, ka ba shi lokaci ya dawo a hankali. In ka ƙi, kana karya kai zai taho gaba ɗaya ya dake ka ta baya, ya tura ka inda ba ka nufa ba. Lita dubu talatin da uku. Na ga wanda ya yi wa haka, a gangaren da ke da gidaje a ƙasa." Ya dubi ƙafarsa ta dama. "Na ji abin da kika ce. Ba ni ke ɗagawa ba, ita ce."

Kunya ta rufe ni. Da wannan ƙafar aka ciyar da ni, da ita aka sa ni makaranta, ita ce ta dawo mana da shi gida shekara talatin da ɗaya, ni kuma na tsaya ina yi mata faɗa a gaban Dogo.

Na zagaya na shiga kujerar gefe na ɗaura bel. "Shigo, Baba. Sau ɗaya. In ta ƙi, ni da kaina zan mayar da kai gida, ba zan ce uffan ba."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗauki hular ya shigo, don bai iya barin mutum zaune a mota yana jiran direba ba. Ya kama sitiyari.

"Kafin ka tayar, duba bayanka."

Idonsa ya tafi madubi.

"Ba ta madubi ba. Juya."

Ya juya da ƙyar, bel yana riƙe shi. Babu abin da ke bayan kujerarsa sai ɗan injin da bai kai buhu ba, da safayar taya ɗaya, sai Dogo can a tsaye ya ɗaga masa shebur. Bayan Dogo kuma fili ne har iyakar gani. Baba ya daɗe a juye.

"Babu komai," ya ce.

"Babu."

"In na yi kuskure, wa zai ƙone?"

"Ba kowa. Mu kafe, Dogo ya yi tono, ya zage mu a zuci."

"A fili ma," in ji Dogo.

Baba ya gyara zama ya tayar. Muka taso. Rairayi yana tashi ta gefe biyu, ƙoli yana matsowa, ni kuwa ban kalli hanya ba, gwiwarsa nake kallo. Muna zuwa wurin da ya tona ramin nan na ga gwiwar ta fara rawa, diddigensa ya motsa, kukan injin ya ɗan karye. Na yi niyyar yin shiru amma bakina ya riga ni.

"Babu lodi a bayanka, Baba."

Ya cije leɓe ya take totur har ƙasa. Motar ta yi tsalle ta haye ramin, hancinta ya nufi sama, ba ma ganin komai sai shuɗi. Na ce, "Yanzu saki." Ya saki. Tayoyin gaba suka sauka a kan ƙoli, muka tsaya kusa da motar Malama.

Malama ta fara tafi, na ɗaga mata hannu ta dakata. Baba bai motsa ba. Ya manne da kujera, kafaɗunsa a ɗage, leɓensa yana motsi yana ƙirge. Ɗaya, biyu, uku. Yana jiran dukan. Ya kai har goma. Babu abin da ya zo sai iska. A hankali kafaɗun suka sauka, sai ya fashe da wata dariya da rabona da jin ta tun ina firamare, yana yi yana share ido da bayan hannu. Ni ma na yi kukana a cikin hula, inda ba wanda zai gani.

Ya kwance bel ya sauka da kansa. Ya taka har bakin tudun, muka bi shi. Daga can ana ganin komai: bakin kwazazzabon da muka fito, bishiyoyin da ke bin hanyar ruwa, sai can nesa ta yamma wani baƙin zare da ya ratsa fili. Babbar hanya ce. A kanta akwai wani ɗan farin abu yana rarrafe.

"Tanka ce," in ji Baba. Ya kare ido da hannu. "Cike take. Dubi yadda direban yake lallaɓa ta." Ya sauke hannun. "Na bi hanyar can ya fi sau dubu. Tudun nan nakan gan shi ta wutsiyar ido, in na gan shi na san saura awa ɗaya in tsaya in duba taya. Ban taɓa sanin ana hawansa ba."

Ya raka tankar da ido har ta shige bayan wani dutse. Sannan ya juya ta gabas. A can, tsakanin wasu duwatsu biyu masu kama da an tsaga su da gatari, akwai tafki, fararen tsuntsaye sun rufe gefensa ɗaya.

"Wancan ruwan fa? Ana zuwa?"

"Ana zuwa, amma ba yau ba. Wannan doguwar tafiya ce, awa shida, ranar Asabar kawai muke yin ta."

"Hanyar da wuya?"

"Tudu uku irin wannan. Na ƙarshen ya fi wannan."

Ya gyaɗa kai. Maganar gayyatarsa tana bakina, amma na riga na yi alkawari, yinin da ya ba ni kuma ya kusa ƙarewa. Na haɗiye ta, na juya zan fara tara baƙi don mu sauka.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

Bai dube ni ba, tafkin yake kallo. "Kin san ba a ɗaukar iyali a tanka. Doka ce, kuma ni ban taɓa karya ta ba. Shekara talatin da shida muna tare da uwarki, ba ta taɓa zama a gefena ina tuƙi ba." Ya sosa gemu. "Ranar Asabar ɗin, ki sama mata hular da za ta yi mata daidai. Kanta ƙarami ne, wannan irin tawa za ta rufe mata ido."